Cinikin da ake ƙullawa a saiwar wake

Kusan kashi 78 cikin ɗari na iskar da ke kaɗawa a kan kowace gona naitirojin ce, amma rashin naitirojin ɗin ne ya fi sa ganyen masara ya koɗe ya yi rawaya. Shuka ba ta iya ɗibarsa daga iska, domin atam biyun da suka haɗu suka yi shi a ɗaure suke tamau da ɗauri uku. Ɗan Adam ma sai a 1909 Fritz Haber ya nuna yadda za a kwance wannan ɗauri a samu amoniya, wadda ake yin takin zamani da ita, kamfanin BASF kuma ya buɗe masana'antar farko a Oppau ta Jamus a 1913. Har gobe aikin na buƙatar zafin digiri 400 zuwa 500 da matsin da ya ninka na iska fiye da sau ɗari. Wasu ƙwayoyin bakteriya kuwa suna yin sa a cikin ƙasa ba wuta ba hayaƙi, da wani inzayim, wato furotin mai hanzarta aikin sinadarai, mai suna naitirojenes.

A aji, nan ne malami kan tsaya ɗalibai su jinjina. Aiki a ɗakin gwaje-gwaje da fili ne ya koya mini tambayar da ta fi amfani: wa ke biya? Banza ba ta kai zomo kasuwa. Kafin bakteriya ta fasa ƙwayar naitirojin guda sai ta ƙone aƙalla ATP 16, wato makamashin da ƙwayar halitta ke kashewa. Shukar ce ke biyan wannan da sukarin da ganyenta ya haɗa da hasken rana. Tun da na fara kallon lamarin a matsayin ciniki, abubuwa da dama da nake haddacewa kawai suka fara zama mini da ma'ana.

Ko yadda ake ƙulla shi ma akwai tantancewa. Saiwar wake ko gyaɗa tana zubo wasu sinadarai a ƙasa, bakteriyar rizobiya da ta dace ta amsa da nata. A yawancin dangin wake, sai siririn gashin saiwa ya lanƙwashe ya rufe baƙuwar, a buɗe mata hanya zuwa ciki, a gina mata ƙullutu. Wake ba shi da tsani, yana karɓar iri-iri. Waken suya kuwa mai zaɓe ne, shi ya sa idan aka kai shi ƙasar da ba ta saba da shi ba sau da yawa sai an shafa wa iri bakteriyarsa kafin a shuka.

Abin da na fi daɗewa ina koyo shi ne duba ƙullutun nan. Ba a fizge shuka, haƙo ta ake yi da ƙasarta, in ba haka ba rabin ƙullutan a rami za su tsaya. A jiƙa ta cikin bokiti, a girgiza a hankali har saiwa ta fito fes. Daga nan sai a gwada da farce: ƙullutun gaske a gefen saiwa yake maƙale, da an taɓa shi zai ɓalle, amma kumburin da tsutsar nematod ke haddasawa jikin saiwar ne kansa ya kumbura, ba ya cirewa. Sabon shiga yakan ƙirga su duka ya rubuta adadi mai daɗin gani. Sai a sa reza a raba ƙullutun biyu. In cikin ja ne ko ruwan hoda, ana aiki. In fari ne, ko bai fara ba ko ba zai yi ba. In ya koma kore, ya tsufa ya ajiye aiki. Jan nan na wani furotin ne ɗan'uwan wanda ke cikin jininmu. Oksijin yana lalata naitirojenes, alhali bakteriyar na buƙatarsa don numfashi, sai furotin ɗin ya riƙe shi yana miƙa mata kaɗan-kaɗan. Na ga saiwa cike da ƙananan ƙullutai farare a shuka mai rawayan ganye, na kuma ga wadda 'yan manya jajaye ne kawai a kusa da gindinta amma ganye shar.

Shukar ma tana lissafi. A wani bincike da Toby Kiers da abokan aikinta suka wallafa a 2003, sun kewaye ƙullutan waken suya da iskar da aka cire wa naitirojin aka maye gurbinsa da wata iska mai suna argon, ta yadda bakteriyar ba ta da abin da za ta sarrafa. Shukar ta rage musu oksijin, yaɗuwar bakteriyar ta ragu da kusan rabi. Haka kuma in aka cika wa wake takin naitirojin, sai ya rage yin ƙullutai, tunda ya samu a sauƙaƙe abin da yake saye da tsada. Abin da ya fi buƙata shi ne fosfaros, da ɗan ƙarfe da molibdinom waɗanda inzayim ɗin ke ɗauke da su a jikinsa, da ƙasar da tsaminta bai yi yawa ba.

Inda nake taka-tsantsan shi ne batun bakteriyar da ke zaune a gefen saiwa ba tare da ƙullutu ba, irin su Azotobacter da Martinus Beijerinck ya gano a 1901, da Azospirillum wadda Johanna Döbereiner ta yi fice wajen nazarinta a Brazil. Gaskiya ne suna kama naitirojin, amma yawanci don kansu, kuma ba su da mai ciyar da su kamar na cikin ƙullutu. Idan masara ta yi kyau bayan an sa mata Azospirillum, galibi oksin, sinadarin girman shuka da bakteriyar ke fitarwa, shi ne ya ƙara yawan saiwa, shukar ta fi kaiwa ga ruwa da abinci. Amfani ne, ba musu, sai dai ba shi ne maye gurbin taki ba kamar yadda wasu tallace-tallace ke nunawa. Nasarar da Brazil ta samu ta noman waken suya kusan ba takin naitirojin, da bakteriyar ƙullutu mai suna Bradyrhizobium aka same ta, bayan shekaru ana tace irin da ya dace da ƙasarsu.

Kuma abin da ke cikin fakitin bakteriyar da ake sayarwa don shafa wa iri mai rai ne. A bar shi a rana ko a mota mai zafi, ko wa'adinsa ya wuce, to baƙin gari kawai aka shafa wa iri. Ko da ransa ya isa gona, zai tarar da 'yan gida da suka riga shi sabawa da ƙasar, sau da yawa su ne ke mamaye saiwar ko da ba su kai shi aiki ba. Shi ya sa sakamakon tukunyar gwaji mai dafaffen yashi ba ya cika maimaituwa a fili.

Maganar cewa wake yana gyara ƙasa ma tana da sharaɗi. Mafi yawan naitirojin da aka kama yana tafiya cikin ƙwaya. In aka kwashe ƙwaya aka kwashe harawa, abin da ya rage a saiwa da busasshen ganye ba shi da yawa.

Tsarin gwajin da nake bi yanzu bai yi nisa da na masanan Jamus Hellriegel da Wilfarth ba, waɗanda a 1886 suka nuna cewa dangin wake a tsabtataccen yashi ba sa girma ba taki sai an zuba musu ruwan ƙasa sun yi ƙullutai, alhali hatsi bai amfana da hakan ba. Fili huɗu nake warewa: ɗaya ba a sa komai, ɗaya bakteriya kaɗai, ɗaya fosfaros kaɗai, ɗaya duka biyun. A maimaita su a wurare daban-daban na gonar, a haƙo saiwa lokacin fure a tsaga, sannan a auna amfanin da sikeli bayan girbi.