Godiya bayan dawowarmu daga duwatsun Atlas

Assalamu alaikum iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu na Zazzau.

Alhamdu lillahi, ayarinmu na mahaya babura ya dawo Zariya daga ƙasar Maroko. Mun tafi mu tara, mun dawo mu tara, ba karaya, ba wanda aka bari a gadon asibiti. Bayan godiya ga Allah, akwai mutanen da muke so jama'a su san abin da suka yi mana.

Hanyar ita ce daga Marakish zuwa Warzazat, kimanin kilomita 200, ta mashigar dutse ta Tishka mai tsayin sama da mita 2,200, sannan kwarin Dades da na Todra, a juyo. A watan Maris ne, lokacin da bazara ke fara gasa mu a gida, su kuma sanyinsu yana janyewa amma dusar ƙanƙara ba ta bar tsaunuka ba. Wannan tsakanin shi ne mafi yaudara. Da rana dusar takan narke ta malalo kan kwalta, da dare ta daskare. Da safe sai ka ga wani baƙin layi mai sheƙi ya ratsa titi, faɗinsa bai wuce taku biyu ba, ka ɗauka jiƙa ce, alhali ƙanƙara ce kamar gilashi. Ta fi zama a kwanar da rana ba ta leƙa ba, da kan gada.

Shi ya sa godiyarmu ta farko take wurin jagoranmu, ɗan asalin duwatsun. Ya hana a tayar da babur kafin ƙarfe goma, ya ce kuma ƙarfe huɗu ta same mu a ƙasa. Wasu sun ga kamar ɓata lokaci ne, sai da suka ga layin nan da idonsu. Dokarsa a kan ƙanƙara gajeriya ce: a miƙar da babur, kada a taɓa birkin gaba, kada a murɗa totur, kada a sauya giya, a bar shi ya wuce da kansa. A gangara kuwa giya ta biyu, inji ya riƙe gudu, birkin baya a hankali. Shi ne kuma ya ƙi a bi hanyar Imilshil da ya ji labarin dusar da ta sauka a can. Mun so hanyar nan ƙwarai, amma gaskiyarsa ce. Allah ya saka maka, Malam.

Sai ogan bakanikenmu na Sabon Gari. Baburan haya muka hau a can, ba namu ba, duk da haka ya zaunar da mu ya rubuta abin da za a duba kafin a karɓi mukulli. Baƙin mai ya zama 10W-40, domin 20W-50 da muka saba da shi a nan yakan yi kauri cikin sanyi, inji ya ƙi tashi da safe. A gwada batir, saboda sanyi yana karya ƙarfinsa. A nemi babur mai injekta, don iskar sama ba ta da kauri, mai kabureta zai sha mai fiye da iskar da yake samu, filogi ya yi baƙi, ya riƙa shaƙewa a hawa. Ko mai injektan ma yana rasa wajen kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfinsa a saman Tishka, saboda haka ba wurin wuce babbar mota da gadara ba ne. Ya ce a auna iskar taya kowace safiya tun tayar na sanyi, domin tana raguwa idan yanayi ya sauka, a kuma wanke sarƙa a shafa mata mai kowane dare saboda laka da tsakuwa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da bai yi amfani ba. Baba, mun gode.

Maganar sanyin kanta, wanda ya san hunturun Samaru da asuba kada ya ɗauka ya san shi. Duk hawan mita 1,000 yanayi yana sauka da kusan digiri shida da rabi, wato daga Marakish zuwa saman mashigar an yi asarar wajen digiri goma sha ɗaya. Idan kuma ana sifili kana gudun kilomita 80, jiki yana jin kamar goma ƙasa da sifili. Yatsu ne ke fara tafiya. Mutum zai kai hannu ga kuloci ya ga yatsun sun ƙi lanƙwasuwa, kamar ba nasa ba.

A nan muke miƙa godiya ta musamman ga ɗan uwanmu likita da ya tara mu a Tudun Wada kafin tafiya. Shi ya hana singiletin auduga, domin tana riƙe gumi, gumin kuma ya koma ruwan sanyi a jiki. Na ciki ya zama ulu ko irin yadin 'yan ƙwallo, sai rigar sanyi, sai ta waje mai tare iska da ruwa. Ya koya mana alamu: idan harshen mutum ya fara nauyi, ko yana kasa jan zip, ko kuma rawar sanyin da yake yi ta tsaya haka kawai, to a sauke shi daga babur nan take, tsayawar rawar ba sauƙi ba ce. Ya kuma gargaɗe mu kada wanda yatsunsa suka mutu ya ɗora su kan salansa, zai ƙone bai ji ba. Ruwa mai ɗumi kaɗan, ko a cusa hannu a hammata. Saboda shi muke tsayawa duk bayan minti arba'in da biyar, a sha abu mai zafi ko ba a jin ƙishi.

Ga wanda ya riƙe bayan ayari dukan tafiyar, da igiyar ja da kayan faci da wayar haɗa batir: kai ka fi kowa shan sanyi, don kai ne ke tsayawa da duk wanda ya tsaya. Kai ka matsa a ninka tazarar da ke tsakanin babura daga daƙiƙa biyu zuwa huɗu, a koma layi ɗaya a kwana, a cika tanki duk inda ya kai rabi.

Muna gode wa jandarmomin da suka tsare mu a shingen dusar ƙanƙara har motar share hanya ta wuce, da mutanen ƙauyen da ke kusa. Ba mu jin yarensu, ba su jin namu, sallama ce ta haɗa mu. Suka dafa ruwan alwala a buta, suka ba mu wuri muka yi ƙasaru, suka kawo shayin na'ana'a da burodi mai zafi da man zaitun. Wani dattijo ya kwashi safunan hannunmu da suka jiƙe ya jera su kusa da murhu, yana juya su ɗaya bayan ɗaya har suka bushe. Da aka miƙa masa kuɗi, ya dafa ƙirji ya girgiza kai.

Iyayenmu mata da matanmu, kun kwana kuna addu'a a ranakun da waya ba ta shiga. Malamanmu na cikin birni da na Ƙofar Doka, mun ga amfanin addu'arku. Allah ya saka wa kowa da alheri, ya jiƙan magabatanmu.

'Yan uwa da suka ara mana hulunan kwano da rigunan ruwa, an wanke su, za mu kawo muku har gida cikin makon nan in Allah ya so. Gilashin hula ɗaya ya tsage, mun sayo sabo mun sa.