Keken lantarki na mai wahalar tafiya: a auna hanya kafin a auna kuɗi

Yawancin kekunan lantarki masu kujera da mariƙi a gaba, masu taya uku ko huɗu, da ake kawo wa tsofaffi da masu lalurar ƙafa an ƙera su ne don daɓen siminti mai santsi irin na Turai, Maradi kuwa garin yashi ne. Da zarar an sauka daga kwalta an shiga lungunan Zariya ko Ali Ɗan Sofo, ƙaramar taya sai ta nutse, injin ya yi ta kuka yana zafi har maɓallin kariya ya katse wuta. Abin takaici ne a tara kuɗi a saya wa Baba keke, bayan mako biyu a same shi jingine a zaure an lulluɓe da tabarma.

A fara da mutumin da zai hau. Dole ya iya zama a miƙe ba tare da an tallafe shi ba, ya iya taka ƙafa biyu zuwa uku daga gado zuwa kujerar, idonsa yana gani, hankalinsa na tare da shi. Mai ciwon gwiwa, mai shan inna da wanda numfashi ke yanke masa in ya yi nisa, duk zai yi musu amfani. Wanda ɓarin jikinsa ya shanye a nema masa mai mariƙi zagayayye wanda hannu ɗaya ke iya tura gaba da baya. Wanda ba ya iya riƙe gangar jikinsa kuwa, wannan ba kekensa ba ne, kujerar marasa lafiya mai madafa ta fi masa.

Sai taya, kuma a nan ne aka fi yin asara. Ƙananan kekunan da ake ninkewa a saka bayan mota tayarsu ba ta wuce santimita 20, tsakanin cikinsu da ƙasa kuma santimita 4 zuwa 6 ne kawai. Na cikin gida ne da farfajiyar asibiti. Wanda zai je masallaci sau biyar ko ya leƙa babbar kasuwa, a nemi taya mai santimita 25 zuwa 33, mai faɗi, ciki kuma ya ɗaga aƙalla santimita 10. Mai ƙafa huɗu za a ɗauka. Mai uku ya fi saurin juyawa a matsatsi, amma in tayar gaba ta faɗa rami a karkace yana iya kifewa, ƙashin ƙugun tsoho kuma ba ya ɗinkewa da wuri. Tayar iska ta fi laushi ga mai ciwon baya, ta fi riƙe yashi, sai dai ƙayar aduwa da ƙusoshi ba sa raga mata. A tabbatar mai faci na unguwa zai samu tub ɗinta kafin a biya.

A ɗauko awo a zagaya gida. Faɗin keken yakan kai santimita 55 zuwa 65, to ƙofar zaure fa? Dokin ƙofa mai tsawon santimita 10 yana buƙatar gangara ta siminti mai tsawon santimita 120. In magini ya gajarta ta, cikin keken zai riƙa bugun baki, ko ya ɗaga gaba lokacin hawa. A duba takardar jikin keken a ga nauyin da zai ɗauka: ƙanana kilo 110 zuwa 135, manya 160 ko fiye. A bar rarar kilo 20, domin za a rataya kaya, jika ma zai maƙale.

Batir shi ne ran abin. Guda biyu ne masu bolt 12 aka haɗa suka ba da 24. Masu amfiya 12 (Ah, ma'aunin yawan wutar da batir ke riƙewa) ba sa wuce kilomita 10 zuwa 15 a caji ɗaya, masu 33 zuwa 50 sukan kai 25 zuwa 40, wannan kuma a shimfiɗaɗɗiyar hanya ne. Cikin yashi a rage lissafin sosai. Zafi na cin batirin dalma: duk ƙarin digiri 10 a kan 25 yana rage kusan rabin kwanansa, mu kuwa a Afrilu da Mayu muna haura 40. Kada a bar keken a rana, kada a saka caji yana dawowa da zafinsa. A bar shi ya huce a inuwa, sannan a ba shi awa 8 zuwa 10. Saboda ɗaukewar wuta, a riƙa cajinsa kowane dare ko da bai sauka ba, don batirin dalma in ya kwana biyu wayam ba ya komawa daidai. A karanta jikin caja: in 110 kaɗai aka rubuta, ta Amurka ce, wutarmu ta 220 za ta ƙone ta nan take. Wadda aka rubuta 100 zuwa 240 ita ce lafiya.

In keken na hannu ne, a ɗauka batirin ya mutu, a cire kuɗinsa cikin ciniki. Mai gyaran sola zai auna: cikakken batir da ya huta yana nuna bolt 12.7 ko sama. A canza biyun tare, kuma ban da batirin mota, wanda aka yi don tada inji kawai. Irin rufaffen nan na sola ake so.

Ranar gwaji mai keken da kansa zai hau, ba ɗansa ba. Ya saki maɓallin tafiya a kan gangara, birki ya kama da kansa ba tare da keken ya zame ba. Kujera ta juya gefe don sauka, tafin ƙafa ya zauna daram, gwiwa ba ta taɓa mariƙi. A nuna wa mutanen gida ƙaramin ƙarfen da ke wajen tayar baya, mai sakin inji don a tura da hannu. Sau da yawa yara ne ke taɓa shi, keke ya ƙi tashi, a ɗauka ya lalace. Kuma kada a sake shi a gangara alhali mutum na kai, domin birkin ma sakewa yake.

Da damina, in ruwan Agusta ya kwanta a lungu, a haƙura har ya janye. Akwatin da ke sarrafa wuta yana ƙasa-ƙasa ne a jikin keken, in ruwa ya shige shi sai an yi odar wani daga waje.