Godiya bayan jinyar auta

Alhamdulillah. Jiya da daddare ne karo na farko cikin mako biyu da auta ya yi barci har asuba ba kuka. Ni ce ma na kasa, ina ta ɗaga masa riga ina duba bayansa.

Ga wanda bai san yadda aka yi ba, ƙuraje ne suka fito masa a jiki, ashe tsutsa ce a cikinsu. Abin da ya ƙi barin idona shi ne daren da na haska fitilar waya a kan abin da muke ta cewa maruru ne, na ga ɗan ramin tsakiyarsa yana motsi. Wallahi ƙafafuna suka ƙi ɗaukata.

Nas ɗin da ke aikin dare, Allah Ya saka miki da gidan Aljanna. Ba ki yi min faɗa ba, ba ki nuna ƙyama ba. Kika shafa man Vaseline a bakin kowane ƙurji, kika ce, "Maman yaro, ta wannan ramin tsutsar take numfashi, in aka toshe da kanta za ta leƙo. Kar ki matse da ƙarfi, in ta fashe a ciki sai ya rure." Muka zauna muna jira, hannunki a kafaɗata. Guda 9 kika zaro, farare, kowace kamar ƙwayar shinkafa mai ƙiba.

Likita ya ce ƙudan tumbu ne. Ba a jikin mutum yake zuba ƙwai ba, a yashi mai warin fitsari ne ko a tufafin da aka shanya a inuwa, kuma cikin kwana 3 sun ƙyanƙyashe. Ɓeraye da karnuka ne ke renon tsutsar a jikinsu. Da ya ce ɓeraye sai na tuna ɗakin hatsinmu, da yadda nake baza kayan yaron a ƙasa kusa da shi tun shigowar damina. Na sha kuka.

Maman 'yan biyu, na san ba kya son a ambace ki, yi haƙuri. Ke kika kwashe kayan yaran nan kaf, har zanen goyo, kika bi su da dutsen guga na gawayi ciki da waje. Kawu, kai ka toshe ramukan ɓerayen da siminti, ka ɗaura mana igiyar shanya a tsakar rana. Allah Ya raya muku zuri'a, Ya tsare ku daga ganin ciwon ɗa, Ya jiƙan mahaifanku, Ya buɗa muku ta inda ba ku zato.

Akwai na jiki da muke gari ɗaya, ko "ya mai jiki" ban ji daga gare su ba. Wataƙila uzuri ne. Allah Ya bar zumunci.

Tabon ya fara bushewa, saura biyu na cinya. Ranar Litinin za mu koma a duba su. Ku ci gaba da sa mu a addu'a.