Ƙaramar Amfilifaya Da Wahalar Rage Murya Cikin Dare

A ƙauyukanmu na tsakanin Ringim da Taura, tun da sola da batir mai bolt 12 suka wadata, da wuya ka shiga unguwa ba ka tarar da amfilifaya haɗin gida ba: ƙaramin allon lantarki mai ƙara ƙarfin sauti da aka sayo a Sabon Garin Kano, an kafa shi cikin akwatin katako, an jona masa lasifikar tsohuwar mota. Da rana babu mai kuka da su. Koken da ake yawan kawo mini teburin gyara na dare ne, musamman da bazara lokacin da kowa ke shimfiɗa a tsakar gida, maigida yana son sauraron karatu ko labarai shi kaɗai ba tare da ya tashi yara ba. Idan ya murɗa bolum ƙasa sai tsit, idan ya ɗan taɓa shi sai murya ta tsallaka katanga. Tsakanin shirun da ƙarar babu inda hannu zai tsaya.

Tushen abin yana cikin yadda Allah Ya halicci kunne. Kunne yana auna ƙara ne da ninki, shi ya sa ake lissafa ta da desibel, kuma sai an ninka ƙarfin wuta sau goma, wato ƙarin desibel 10, kafin mutum ya ji kamar murya ta ninka sau biyu. Lasifika irin wadda muke amfani da ita tana ba da desibel 88 ko kusa da haka idan aka ba ta wat ɗaya kana tsaye mita ɗaya daga gabanta, kuma wannan ƙara ce da ta isa shago. A daren ƙauye da babu janareto, desibel 48 ya isa ka ji kowace kalma, abin da ke nufin lasifikar tana buƙatar kashi ɗaya ne cikin dubu goma na wat. Amfilifayar da aka rubuta wa wat 15 ke nan ake neman ta yi aikin da bai kai ƙwayar gero a buhu ba.

Mu ɗauki allon TDA7297, wanda ya cika kasuwa saboda yana aiki kai tsaye da batir. Yana ninka abin da aka ba shi da desibel 32, kimanin sau 40, kuma ba a iya canza wannan a jikinsa. Waya kan fitar da abin da ya kusa bolt ɗaya idan aka ƙure ta, alhali a kan bolt 12 allon ya riga ya cika da kusan kashi ɗaya cikin biyar na wannan. Bolum kuwa duk juyinsa bai wuce digiri 300 ba. Idan mai miƙaƙƙen layi ne, wato wanda ke sakin wuta daidai gwargwadon juyinsa, wanda ake rubuta wa B50K ko B100K a bayansa, to digiri 60 na farko sun cinye duk ƙarfin amfilifayar, sauran juyin kuma fashewar murya ce kawai. Muryar dare da maigida ke nema tana maƙale ne a wajen digiri na farko, kuma babu yatsan da zai iya tsayawa a nan da gangan.

Abu na farko da nake dubawa shi ne harafin da ke bayan bolum ɗin. A kayan da ke zuwa daga China da Japan, harafin A yana nufin wanda aka yi don sauti, wanda idan ka kai rabin juyi yana sakin kashi 10 zuwa 15 ne cikin ɗari, B kuwa yana sakin rabi cur. Wasu tsofaffin kayan Turai sun juya haruffan, don haka mita ce ke raba gardama: a tsayar da shi a tsakiya, a auna daga ƙafar tsakiya zuwa kowane gefe. Canza B zuwa A yana kawo sauƙi a fili, sai dai yana tona wani aibin. Bolum na sitiriyo layuka biyu ne a kan sanda ɗaya, kuma a masu arha layukan ba sa farawa tare, shi ya sa a ƙasa-ƙasa lasifika ɗaya ke magana ɗayar ta yi gum. Sau da yawa mutum kan kawo lasifika lafiyayyiya ya ce ta mutu, alhali laifin na bolum ne.

Akwai dabarar da wasu masu gyara ke yabawa, ta ɗaura resista, wato ɗan abin da ke rage gudun wuta, kamar 8.2K (K na nufin om dubu) daga ƙafar tsakiya ta B50K zuwa ƙasa, wato layin nagatif, don ya yi halin A. Tana gyara tsakiyar juyi, wannan gaskiya ne, amma a can farkon juyi inda matsalarmu take, guntun layin da ke ƙasa ya fi resistar ƙanƙanta nesa ba kusa ba, saboda haka kusan babu abin da ke canzawa. Ban ga amfaninta ga mai sauraron dare ba.

A ganina maganin gaskiya shi ne a zubar da rarar ninkin tun kafin sauti ya iso bolum. Masu haɗa waɗannan alluna sun san cewa mai saye a bakin shago zai ɗan murɗa ne, idan ya ji ta ɗauka da ƙarfi sai ya ce wannan tana da wuta, ya biya. Ƙarfinta bai ƙaru da komai ba, an dai tara masa shi ne a farkon juyi. Resista biyu a kowane ɓangare, hagu da dama, sun isa: 10K a kan hanyar shigowar sauti, sannan 2.2K daga bayanta zuwa ƙasa. Wannan yana rage abin da ke shiga zuwa ƙasa da kashi ɗaya cikin biyar, wajen desibel 15, kuma idan aka haɗa shi da bolum mai A, muryar dare takan koma inda hannu ke iya sarrafa ta, inda kuma layukan biyu suka fara tafiya tare. Ga wanda ke fita da amfilifayar dandali ko wurin biki, nakan sa ƙaramin makunni da zai musanya 2.2K da 470 om don dare, wanda ke kai ragin wajen desibel 27, da rana kuma ya mayar.

Wasu allunan ma ba sa buƙatar wannan. Allon da ke aiki da LM386 yana ninka sau 20 ne da kansa, amma idan aka sa kafasita, wato ɗan abin da ke tara wuta, mai 10uF tsakanin ƙafa ta 1 da ta 8 na LM386 ɗin sai ya koma sau 200, kuma alluna da yawa haka suke zuwa. Cire kafasitar nan kaɗai yana rage desibel 20, ya tafi da yawancin shuuu ɗin da ake ji idan babu magana. Allon TPA3116 kuma yana da matakan ninki huɗu, desibel 20, 26, 32 da 36, waɗanda ake zaɓa da resista a jikin allon, sai dai ƙananan ne ƙwarai kuma suna son hannun da ya saba da dalma.

Za a ce me zai hana a rage daga wayar kawai. Yana taimakawa, amma yawancin wayoyin Android matakai 15 ne gare su, kuma tazarar matakan ƙasa tana da faɗi. Sannan idan ta bulutut ake sauraro, ka rage waya ka ƙara bolum, kana ƙara har da tsuwwar allon bulutut ɗin, ga kuma muryar matar nan da ke sanarwa idan an kunna, wadda a alluna da yawa ba ruwanta da matakin wayarka.

Ko bayan an gyara duk wannan, wasu kan dawo su ce murya ta yi siriri da dare. Wannan ba laifin gyara ba ne. Tun 1933 masana kimiyya Fletcher da Munson suka nuna a Amurka cewa idan ƙara ta yi ƙasa, kunne yana fara rasa kaurin sauti kafin ya rasa tsakiyarsa, kuma saboda haka ne tsofaffin rediyoyi masu kaset da yawa ke da bolum mai ƙafa ta huɗu, wadda ke dawo da kauri a farkon juyi. Ga mai sauraron karatu ko labarai babu asara sosai, domin kalmomi a tsakiyar suke. Mai son kaurin kuwa, ya matsar da akwatin lasifikar jikin bango ko kusurwar ɗaki, zai samu ƙari ba tare da ya taɓa bolum ba.