Jakata da Baturiyar da ta sansana ta a Wagadugu

Dukanci na gada a wurin mahaifina a nan Bauchi, kuma kafin 2018 kayana ba su taɓa wuce Kano ba. A shekarar ne wani abokin cinikina na Maraɗi ya matsa mini sai mun je baje kolin sana'o'in hannu na Wagadugu, babban birnin Burkina Faso, wanda suke kira SIAO. Na cika buhu biyu da jakunkunan mata da takalma, muka bi ta Kano da Maraɗi da Yamai.

Rumfata tana jikin ta wani dattijon Buzu daga Agadas, wanda ya daɗe yana zuwa. Muna shan shayi ya ba ni labarin wurin. Asalin SIAO ƙaramin baje koli ne na cikin gida da aka yi a 1984, zamanin Thomas Sankara. Da aka ga ya karɓu, sai a 1988 aka buɗe shi ga sauran ƙasashe, ana yi duk bayan shekara biyu. Yanzu yana da filinsa na dindindin, har da zauruka masu na'urar sanyi ga mai iya biyan kuɗinsu, ana kwana goma ana ciniki daga ƙarshen Oktoba. A 2014 fargabar cutar Ebola ta hana a yi, ya ce shekarar sun ji jiki. Na zaga na ga masu zubin tagulla na Burkina da masu rinin laka na Mali, na raina kaina.

Rana ta uku wata Baturiya ta ɗauki jakata ja, wadda na rina da karan dafi. Ba ta ko kalli adon ba. Buɗe ta ta yi, ta sansana cikin, ta goga farin hankici a jiki, ya fito da ja. Duk da haka ta tambaya ta bakin tafinta ko zan iya yin ɗari biyu iri ɗaya cikin wata uku. Na yi shiru, domin da ido nake yanka, babu jaka biyu da suka zo daidai.

Da ta wuce, dattijon ya ce, "Ɗana, ba masu sayen ɗaya-ɗaya ne suka raya wurin nan ba, masu sari ne." Na ce, "Baba, to yaya zan yi?" Ya nuna mini kwalayen da yake awo da su, ya sa na shinshina fatar kayansa, babu ɗoyin jima ko kaɗan.

Na sayar da kusan rabin kayan, kuɗin mota da na rumfa suka cinye ribar. Da na dawo na zauna da majemin da nake sayen fata wurinsa, muka ƙara mata kwana a ruwan bagaruwa da wanki. Kowace jaka yanzu tana da kwalinta rataye a bangon shago, kuma yarana ba sa ɗinke wadda ba a goga wa farin ƙyalle ba.