Kyauta ma akwai mai biyanta

Jiya muka gama horon sati guda nan Yamai kan tattalin arzikin kiwon lafiya, wallahi da farko na ɗauka lissafin banza ne na mutanen biro, ni da shekara bakwai ina aiki CSI, wato ƙaramin asibiti, cikin ƙauye can wajen Tawa mi za a gaya mani.

To sai malamin ya ce kowa ya lissafa nawa zazzaɓin cizon sauro na yaro ɗaya ke ci ma gida. Na rubuta sifiri, tunda tun 2006 yara ƙasa da shekara 5 kyauta ake duba su a Nijar. Ya yi murmushi ya ce to kuɗin kabu-kabu fa? Wunin da uban ya bar gona tsakar damina fa? Nan na tuna wata baiwar Allah da ta saida akuyarta jika goma sha biyar saboda magani ya ƙare wurinmu sai farmasi, mu kuma ya ƙare ne don kuɗin da gwamnati ke maido mana na kyautar nan sun yi watanni ba su zo ba, ranar kunya kamar in nutse.

A Abuja 2001 shugabannin Afirka sun yi alkawarin kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi ga lafiya, amma masu bin sawun dala-dala ɗin nan ƴan kaɗan ne, da yawa sai sun tafi CESAG, wata babbar makarantar harkar gudanarwa a Dakar, karatu. Ni dai rajistocinmu na shekara uku zan fara buɗewa in na koma.