Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Tafiyar Fas

A makon jiya na tsaya ne a ranar da matar Yaya ta aiko aka ɗauke 'yarta daga ɗakina, bayan ni na yaye ta, na riƙe ta shekara uku cur a gidanmu na unguwar Birni. Ƙaurarmu daga Damagaram zuwa birnin Liyon na Faransa, da shekarun da na yi ina sintirin asibiti a can, ba zan tsaya a kansu ba, domin babu komai a cikinsu sai allura da jira.

A shekarar 2010, aurenmu yana da shekara goma sha shida, wata maƙwabciyata mutuniyar Maroko ta ba ni labarin kafala. Da farko Malam bai saurare ni ba, domin a zatonsa irin abin da Turawa suke yi ne, su ɗauki yaro su goge asalinsa su laƙaba masa sunansu, alhali Suratul Ahzab ta yi umarni a kira 'ya'yan riƙo da sunan iyayensu, har Zaidu ɗan Harisa ma aka daina jingina shi ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Sai da ya bincika ya gane cewa kafala riƙo ce irin wadda muka tashi muka gani a gida, ci da sha da sutura da tarbiyya, ba tare da canza nasaba ko shiga gado ba, illa dai su a can alƙali ne yake damƙa maka yaron a rubuce, don haka babu wanda zai wayi gari ya aiko a ɗauke shi. Wannan na ƙarshen shi ne ya shiga raina.

Da na buga wa Gwaggo waya na sanar da ita, sai ta yi shiru mai tsawo, sannan ta ce: "Naka sai naka, 'yar nan. Dangi cike da 'ya'ya, ki tsallake su ki je ƙasar Larabawa ki kwaso 'yar tsintuwa?" Ban mayar mata da magana ba, domin ita ta riƙe mahaifina, kuma ba a yi mini tarbiyyar musu da manya ba. Amma na kwana ina juya maganar, ina tambayar kaina ko wadda aka zare daga hannuna tana ihu tana riƙe da zanina 'yar bare ce. Gwaggo tana zaune a tsakar gida ranar, kuma ba ta ce uffan ba.

A watan Janairu na 2011 muka sauka Kasabalanka, muka hau jirgin ƙasa na kusan awa huɗu zuwa Fas. Ban taɓa zaton ƙasar Afirka tana da sanyi mai ratsa ƙashi irin wannan ba. Kafin mu nemi kowane ofis, Malam ya ce sai mun fara ziyartar zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani, inda aka binne shi a 1815. A cikin lungunan tsohon gari na ji Hausa a bakin wasu masu ziyara, na so in yi musu magana, sai na tuna za su tambaye ni abin da ya kawo ni, na ja bakina na yi shiru. Har yau ina jin takaicin wannan kunyar, domin ba abin kunya na je yi ba.

A gidan marayun, ɗaki ɗaya yana da gadaje fiye da yadda na iya ƙirgawa, kuma abin da ya fi tsorata ni shi ne rashin kuka. Yarinyar da muka ɗauka tana kusa da taga, wata tara da haihuwa, tana tsotsar yatsu biyu. Da na miƙa hannu ba ta yi murmushi ba, ba ta kuma juya baya ba, kallona kawai ta yi. A takardarta an rubuta sunan uba mai farawa da Abdu, kamar yadda dokarsu ta tanada ga yaron da ba a san iyayensa ba, don kada gurbin ya zauna fanko. Na daɗe ina kallon wannan layin. Koma wane ne shi, bawan Allah ne, kuma da wannan sunan muke kiran ta har gobe.

Dokar da ake bi ita ce mai lamba 15-01 ta shekarar 2002. Kotu ba ta ayyana yaro a matsayin yasasshe sai an liƙa sanarwa wata uku ko iyaye za su fito, kuma ita an riga an gama mata wannan kafin zuwanmu. Saura mu. Dole mai riƙo ya zama Musulmi, mai lafiya, mai abin hannu, wanda ba a taɓa kama shi da laifin ɓata tarbiyya ba, kuma alƙalin harkokin yara ba ya yanke hukunci sai kwamitin bincike ya kawo rahoto, har da wakilin ma'aikatar harkokin addini a ciki. An yi mini tambayoyi a kan salla da tsarki, ni jikar limami, na amsa ba tare da jin haushi ba, domin na ga ana tsare wa yarinyar addininta ne. Alƙalin ya bayyana mana cewa riƙon namiji yana ƙarewa idan ya cika shekara 18, amma na mace yana nan har sai ta yi aure. Ya tambaye ni ko na fahimta. Na ce masa abin da na zo nema ke nan.

Bayan hukuncin sai izinin fita da ita daga ƙasar, wanda shi ma alƙali ne yake bayarwa, sai fasfo, sai biza. Tun 2001 dokar Faransa ta hana a mayar da yaro ɗa idan dokar ƙasarsa ta haramta hakan, saboda haka a idonsu ni mai kula ce kawai, ita kuma baƙuwa. Hutun Malam ya ƙare ya koma bakin aiki, na zauna ni kaɗai da ita a ɗakin haya har watan Yuni. A ɗakin nan haƙoranta na sama suka fito, a nan ta fara tafiya tana dafa bango. Shekara ɗaya bayan haka, a 2012, ministan shari'a Mustafa Ramid ya fitar da takardar da ta nemi a daina ba wa waɗanda ba mazauna Maroko ba, kuma na san matan da wannan ya rufe wa ƙofa. Da na bi ta Gwaggo na ƙara jinkiri, da ina cikinsu.

Gwaggo ta rasu a 2019, Allah ya jiƙanta, ba ta janye maganarta ba, ni ma ban taɓa faɗa mata abin da ke raina ba. Na yafe mata, amma duk sanda na ji wani ya ce naka sai naka, sai ƙirjina ya yi nauyi.

Mako guda da saukarmu Liyon muka tafi Marsai wurin ƙanwar Malam, wadda take goyo a lokacin. Yarinyar tana da wata goma sha huɗu, ba ta fita shekara biyun shayarwa ba, kuma idan ta sha nonon ƙanwarsa ya zama kawunta, babu hijabi tsakaninsu. Kwana biyu tana ƙin kama nonon, tana ture shi tana neman kwalbarta. A daren na uku ta kama. Ƙanwar tasa ta ɗaga kai ta dube ni hawaye na zuba, ta ce: "Yaya, je ki kira shi ya ɗauki 'yarsa."